Murfin gilashi na murhu da sinki a motar tafi-da-gidanka: abin da ke fasa shi, da abin da ya cancanci a saya a madadinsa

Kusan duk motar tafi-da-gidanka, wato motar da ke da wurin kwana da kicin a cikinta, da ake ƙerawa a Turai, daga manyan da ke kan gindin Fiat Ducato zuwa ƙananan Volkswagen da ake mayarwa ɗakin kwana, kicin ɗinta iri ɗaya ne: murhun gas mai kai biyu ko uku, ɗan sinki a gefe, kowanne da murfin gilashi mai duhu da ke kwanciya daidai da saman kantar kicin. Kamfanonin da ke ƙera su ba su da yawa. Akwai Dometic na Suwidin, wanda SMEV na Italiya da Cramer na Jamus suke ƙarƙashinsa yanzu. Akwai Thetford, wanda ya haɗiye Spinflo na Ingila, shi ke da kukar girki irin su Caprice da Aspire da Triplex da sinkin Argent. Sai CAN na Italiya. Duk sunan da ke jikin motar, da wuya murhunta ya fito daga wajen waɗannan.

A ba murfin haƙƙinsa tukuna. Kicin ɗin da tsawonsa bai wuce mita ɗaya ba, in an rufe murhu da sinki ya samu wurin yanka albasa da ajiye faranti, in an buɗe ya rasa. Gilashi ba ya shan maiƙo, ba ya riƙe wari, tsumma ɗaya ya ishe shi. Kuma idan an ɗaga na murhun ya tsaya a tsaye, shi ne katangar da ke tsakanin wuta da tagar roba da labulen da ke bayanta. Wannan aikin na ƙarshe shi mutane suka fi mantawa da shi, kuma shi zai yanke hukunci a kan abin da za a iya sawa a madadinsa. Aibinsa guda ne, amma babba: an ɗauko abin da ba ya son duka a baki, ba ya son zafi a wuri ɗaya, an ajiye shi a inda ake girki cikin mota mai girgiza a kan hanya.

Irin gilashin

Ba gilashin taga ba ne. Gasasshe ne: ana yanka shi, a huda, a goge bakinsa, sannan a sa shi a tanderu ya haura digiri 600, a fito da shi a busa masa iska mai sanyi nan take. Fuskokinsa biyu su daskare su matse, cikinsa ya rage a ɗame, kamar fatar ganga da aka ja tamau. Wannan ɗamewar ce ƙarfinsa. Ya fi gilashi na yau da kullum ƙarfi sau huɗu zuwa biyar, yana jure bambancin zafi na kusan digiri 200 tsakanin wani sashe da wani, alhali na taga yana tsagewa tun daga wajen digiri 40. Ita ce kuma rauninsa. Da zarar wata ƙaramar tsaga ta ratsa fatar da ke matse ta kai cikin, duk ƙarfin da ke ɗaure sai ya kwance lokaci guda, murfin ya tarwatse gaba ɗaya da ƙara. Ƙa'idar Turai ta EN 12150 ma haka take so: a gilashi mai kaurin milimita 4 zuwa 12, gutsattsarin da za a ƙirga a fili mai santimita 5 kowane gefe kada su gaza 40, don kada a samu dogon tsini mai yanka. Saboda haka babu maganar gyaran murfin da ya tsage. Ko yana nan lafiya, ko ya zama tsakuwa.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na ɗaya, ba a yanka gasasshen gilashi, ba a huda shi, ba a rage bakinsa. Wanda ya samu murfi a kasuwar gwanjo da ya ɗara nasa da milimita biyar ya yi tunanin mai gilashi zai daidaita masa, kuɗinsa ya tafi. Na biyu, tsakiyar murfin tana da ƙarfi sosai, baki da kusurwa da kewayen hujin sukuru su ne lagonsa. Ƙaramin ɓalli a baki, wanda gindin tukunya ya yi yau, yana iya zama wata uku bai ce komai ba, sai wata safiya mai sanyi ko wani rami a hanya ya ƙarasa aikin. Yawancin abin da masu mota ke cewa “ya fashe haka kawai” daga nan yake.

Akwai fashewar da gaske babu hannun kowa. Wani lokaci ɗan ƙwayar sinadarin nikel salfayid, wadda ido ba ya gani, takan maƙale a cikin gilashin tun daga masana'anta. Bayan an gasa, a hankali take kumbura, wata da watanni ko shekaru, har ta tsaga cikin. Idan gutsattsarin ba su zube ba, a inda fashewar ta faro akan ga manyan gutsure biyu kafaɗa da kafaɗa. Wanda motarsa ke cikin garanti ya ɗauki hoton wurin kafin ya share, domin dillali zai fara ɗora laifin a kan zafi ko duka ne. Amma wannan ba shi ya fi yawa ba, kuma bai kamata a riƙa fakewa da shi ba.

Zafi ne ya fi kashe murfin murhu. Littafin Thetford da na Dometic duk sun faɗa a fili cewa murfin yana iya tarwatsewa in ya yi zafi, a kashe kowane kai kafin a rufe. Kashewa kaɗai ba ta isa ba. Ƙarfen da ake ɗora tukunya a kai da hular kan murhu suna riƙe zafi bayan wuta ta mutu, kuma tazarar da ke tsakaninsu da gilashin 'yan milimitoci ne. A jira minti goma zuwa sha biyar, a kara bayan hannu kusa da ƙarfen, in ana jin hucinsa a ƙara jira. Wutar da aka rage ƙasa-ƙasa kuwa ba a ganinta da rana, shuɗiya ce, ga ta shiru. A duba makunnin, kada a dogara da ido. Kukar da ke da faranti ɗaya na lantarki, irin mai wat 800 da ke kan wasu Caprice da Aspire, ta fi haɗari ta wannan fuskar, don ba ta da harshen wuta ko kaɗan. Kwankwaso ya gogi makunni a wucewa, an jona mota da wutar sansani, farantin ya yi ta zafi a ƙarƙashin rufaffen murfi.

Ko a tsaye ma murfin bai tsira ba. Kan murhu na baya yana dab da shi. In aka ɗora faffaɗan kaskon suya, harshen wuta yakan bi gindinsa ya fito ta baya ya lashi gilashin a wuri guda, ko bakin kaskon ya jingina da shi. Littafin kowane murhu ya faɗi iyakar faɗin tukunya, a irin waɗannan ƙanana da wuya ya haura santimita 22. Babbar tukunya ta zauna a kan gaba, ƙarama a baya, a bar tazarar yatsa biyu aƙalla tsakaninta da murfin, bakin butar shayi kuma ya kalli ɗaki. Kukar da ke da oben da wurin gashi a ƙasa tana fitar da hucinta ta bayan saman murhun, don haka dole murfi ya kasance a ɗage duk lokacin da oben ko gashi ke aiki, ko da ba a kunna kai ɗaya a sama ba. Wannan ya ci murafe masu yawa, domin hankali ba ya kawo shi.

Murfin sinki ba ruwansa da wuta, amma yana mutuwa ta hanyoyi uku. Famfon da ke naɗewa ciki in ba a kwantar da shi sosai ba, ana danna murfi sai kan famfon ya tokare shi daga ƙasa. Kayan da aka cusa cikin sinki don tafiya, kofuna da tukwane, in sun ɗara baki haka za su yi ta dukansa a kowace gargada. Sai lokar da ke sama: kaya sun motsa a hanya, an buɗe ƙofa, gwangwanin tumatir ko kwalbar yaji ta faɗo da kusurwarta. Ajiye tukunya mai zafi a kan murfin sinki mai sanyi shi ma yana cikin lissafi, musamman da hunturu.

Sauran laifin na hinji ne, wato ƙarfen da murfin ke buɗewa da rufewa a kai, da robobi, kuma a nan ne mai mota yake da iko sosai. A ƙarƙashin murfin, ko a bakin murhun, akwai ƙananan robobi da gilashin ke sauka a kai. Suna bushewa, suna faɗuwa, ba wanda ke lura, daga nan gilashi ya koma zama a kan ƙarfe tsirara yana karkarwa kilomita bayan kilomita. Hinjin wasu kukar Thetford an yi shi da makullin tafiya, yana fizgar murfin ƙasa idan ya kusa rufuwa, littafin ma ya yi gargaɗin a kula da yatsu; wanda ya saba sakinsa daga sama yana buga shi ne kullum. Hinjin da maiƙo ya daskare a cikinsa kuma yana tauri, sai a riƙa jan murfin da ƙarfi daga kusurwa ɗaya, duk nauyin ya taru a kewayen huji guda. Irin wannan gilashin ne a kan kukar gas mai tsayi da ke gidaje da yawa a Kano da Kaduna, kuma abubuwan da ke fasa shi a can su ne waɗannan, in aka cire girgizar hanya.

In ya riga ya fashe

A rufe gas daga silinda kafin komai, a sa safar hannu da takalmi, a fitar da yara. Kada a buɗe famfo don a kora gutsattsarin. Bututun da ke kwashe ruwan sinki siriri ne, sau da yawa bai kai santimita 3 ba, yana da lanƙwasa, tsakuwar gilashi za ta zauna a ciki ta riƙa tare maiƙo har ya toshe. A toshe magudanar da tsumma, a kwashe manyan da cebur ɗin shara, a zuƙe sauran da na'urar zuƙar ƙura. A cire ƙarfen tukunya da hular kowane kai, a zuƙe cikin, domin ƙwaya ɗaya a bakin jet, wato ɗan hujin da gas ke fitowa, tana karkata wuta ko ta mai da ita rawaya. Daga nan a bi ko'ina da takardar kicin mai laima. A kashe fitila a haska tocila daga gefe, a kwance da ƙasa, abin da ya rage zai yi ƙyalli: cikin durowa, layin labulen taga, ɗinkin kujera, ƙarƙashin tabarmar ƙasa. Abincin da ke buɗe a zubar. Hinji, sukurori, washa da robobin da ke cikin huji kuwa a tattara su a leda, za a neme su.

Sayen na ainihi

Ga murhu, wannan shi ne zaɓi na farko, kuma a ganina da wuya a samu dalilin ƙetare shi muddin ana samun kayan. Hujinsa ya dace, kaurinsa ya dace da hinjin, baƙin zanen da ke gefensa an gasa shi ne cikin gilashin ba fenti ba ne. Wahalar tana wajen gano wanda ya dace. Sunan motar da shekararta ba sa taimakawa sosai, don kamfanin mota yakan sauya murhu a tsakiyar shekara. Lambar murhun ake nema. Tana kan takardar da aka liƙa a ƙarƙashinsa, a zaro durowar da ke ƙasa a zura waya a ɗauki hoto. Dometic suna aiki da lambar PNC, kayan gyaran kukar Thetford kuma lambarsu takan fara da SSPA. A haɗa da awon tsawo da faɗi da tazarar huji, a tura wa mai sayarwa kafin a biya.

Inda aka fi yin kuskure shi ne hagu da dama. SMEV 9222, wanda ya cika ƙananan Volkswagen, murhu mai kai biyu ne haɗe da sinki, yana da murafe biyu dabam, kuma ana yinsa iri biyu, mai sinki a hagu da mai sinki a dama. Murafen ba sa musanya. Haka kuma samfuri ɗaya yakan sauya hinji ko launin gilashi tsakanin tsohon ƙira da sabo, lamba kusan ɗaya amma huji ya gusa. A tambaya ko murfin yana zuwa da hinji da robobi ko gilashi ne tsura. Shagunan kayan irin waɗannan motoci, kamar Leisureshopdirect a Ingila ko Reimo da Fritz Berger a Jamus, suna odar su ta lamba.

Tsadarsa ba ta yi daidai da girmansa ba, wannan gaskiya ce. A ƙaramin sinki, in an haɗa gilashi da hinji da kuɗin aikowa, lissafin yakan kusanci kuɗin sabon sinki sukutum, wanda ke zuwa da nasa murfin. A kwatanta kafin a saya. Ranar da kaya suka iso a buɗe kwalin nan take, a bi bakin gilashin da farce ko'ina, in an ji ɓalli a mayar. Tsofaffin Cramer da Spinflo da aka daina yi sai a wurin masu farfasa tsofaffin motoci, ko eBay, Kleinanzeigen a Jamus, Leboncoin a Faransa. Na hannu ba laifi, amma ba a san dukan da ya sha ba. A nemi hoton bakinsa da na kewayen huji daga kusa.

A yanko a wurin masu gilashi

Idan na ainihi ya ɓace daga kasuwa, kamfanin gilashi mai tanderu zai iya yin sabo. Sharaɗin shi ne hinjin ya zama irin mai sukuru da ke ratsa huji. Wanda aka manne da gam na masana'anta, ko aka cusa bakinsa cikin dogon ƙarfe, ya fi wuya, kuma gam ɗin da ake samu a shago ba ya riƙe shi a kusa da wuta. A yi samfuri da falankin filawud siriri, kada a yi da kwali don yana lanƙwashewa. A huda shi, a ɗaura a hinjin, a buɗe a rufe, a tabbatar bai taɓa famfo ko ƙarfen tukunya ba, sannan a kai. A faɗa musu kauri daidai da tsohon, a auna gutsure ɗaya don a sani. Galibi tsakanin milimita 4 da 6 ne. A ce a goge baki ya yi sumul, a zagaye kusurwa.

Gasa gilashi yana da dokokin huji. Faɗin huji kada ya gaza kaurin gilashin. Daga bakin gilashi zuwa bakin huji kada ya gaza kauri biyu, daga kusurwa kuma kauri shida. A gilashi mai milimita 5, wato milimita 10 daga gefe, 30 daga kusurwa. Idan hinjin ya matsa huji kusa da baki fiye da haka, kamfanin zai iya ƙin aikin, kuma yana da gaskiya. Hujin ya fi sukuru faɗi da milimita biyu zuwa uku don robar da ke raba su ta shiga. Wanda ke son ƙarin kwanciyar hankali ya nemi a yi masa gwajin EN 14179, inda ake riƙe gilashin a kusan digiri 260 na awa biyu don mai ƙwayar nikel ya fashe tun a masana'anta. Don tabbatar da cewa gasasshe aka ba ka, duba tambarin da ke kusurwa, ko ka kalle shi a hasken rana da tabarau mai tace ƙyalli, za ka ga dabbare-dabbare a jikinsa.

Gilashin taga, komai arharsa, kada ya shiga motar nan. Yana karyewa dogo-dogo da kaifi, a cikin ɗakin da mutane ke zaune babu ko mita biyu tsakani. Mai ninki biyu irin na gaban mota shi ma bai dace da murhu ba, ledar da ke tsakiyarsa tana laushi tun kafin digiri 100, ga shi ya fi hinjin kauri. Gilashin ƙofar murhun itace, irin Robax na kamfanin Schott, yana jure sama da digiri 700 kuma ana yanka shi, sai dai bai kai gasasshe jure duka ba, in ya karye manya-manya yake karyewa. Ya magance zafi ya bar girgiza da faɗowar gwangwani.

Ƙarfe

Wanda murfin murhu ya fashe masa sau biyu, ko motarsa ta saba bin hanyar burji, ƙarfe ya fi masa. A Amurka ma murhun Suburban da Atwood sun daɗe da murfin ƙarfe mai ninkewa biyu. Abu biyu ake amfani da su: sitenles, wato ƙarfen da ba ya tsatsa, mai lamba 304, kaurin milimita 1.5, ko alminiyam mai milimita 3. Nauyi yana da muhimmanci domin hinjin an daidaita shi ne da nauyin gilashi. Gilashi kilo 2.5 ne a kowace murabba'in mita ga kowace milimita ta kauri, don haka murfi mai santimita 45 da 35, kaurin milimita 5, ya kusa kilo 2. Sitenles mai 1.5 a wannan girman kilo 1.9 ne, kusan daidai. Alminiyam mai 3 kilo 1.3 ne, hinji mai sifirin zai iya fizgarsa da ƙarfi fiye da da.

Sitenles siriri yana lotsawa in an danna tsakiyarsa, yana kuma kuka a hanya. Maganin shi ne mai lanƙwasa ƙarfe ya naɗe bakinsa ƙasa milimita 5 zuwa 8, in akwai sarari, a goge kaifin. Da yake ya fi gilashin siranta, a cike gurbin da washa a wurin hinji don ya zauna daidai. Ƙarfe ba ya fashewa, amma yana ɗaukar zafi ya kai shi har bakin da ake kamawa, alminiyam ya fi saurin yin haka, saboda haka dokar jira kafin rufewa tana nan. Sitenles yakan yi ruwan ƙasa-ƙasa a inda wuta ta lasa, wannan muni ne kawai. Falankin nan mai alminiyam waje da roba a tsakiya, irin Dibond da masu allon talla ke amfani da shi, yana yaudara da kamanninsa na ƙarfe. Cikinsa roba ce, iyakarsa wajen digiri 80. Na sinki ne, ba na murhu ba.

Roba da katako, ga sinki kaɗai

A nan ne nake ganin sake sayen gilashi ɓarnar kuɗi ce, sai ga wanda ke shirin sayar da motar yana son ta koma yadda ta fito. Sinki ba ya buƙatar katangar wuta. Abin da yake buƙata shi ne murfi da za a yi aiki a kai, kuma allon yanka ya fi gilashi ta kowace fuska: ana yanka a kansa ba ya dakushe wuƙa, ba ya tsoron gwangwani, ana ɗaga shi a kai tebur. Farar robar allon mahauta mai kaurin milimita 10 ana yanka ta da zarton kafinta, a zagaye baki, a ɗaura ƙananan sanduna biyu a ƙarƙashi da sukurun sitenles don ta zauna cikin bakin sinki ba ta zamewa. A girman da aka ambata kilo ɗaya da rabi ce. Katakon gora ko wani katako mai tauri ya fi kyan gani, amma yana shan tururin sinki ta ƙasa ya bushe ta sama, sai ya ƙandare ya karkace. A shafa masa man katako na abinci fuska biyu, kada a rufe jiƙaƙƙen sinki da shi a kwana. Allon da ba ya kan hinji kuma dole a yi masa wurin zama lokacin tafiya, ko maɗauri, don kilo ɗaya da rabi da ya tashi a birki mai tsanani ba wasa ba ne.

Wanda ke son kamannin gilashi a kan hinjin da ke akwai, akwai robobi masu kama da gilashi, Perspex da polikabonet irin Lexan ko Makrolon, masu launin hayaƙi, kaurin milimita 5 ko 6, nauyinsu ƙasa da rabin na gilashi mai kauri ɗaya da su. Perspex ya fi ƙyalli, ya fi jure karce, amma yana tsagewa a huji in an matse sukuru. Polikabonet da wuya ya karye, sai dai yana karcewa da wuri, kuma ruwan goge gilashi mai amoniya yana dusashe shi. A huda a hankali, da katako a ƙarƙashi, hujin ya ɗara sukuru don roba tana buɗewa da zafi kusan sau takwas fiye da gilashi. Perspex yana laushi a wajen digiri 100, polikabonet bai kai 150 ba, gindin kaskon da aka sauke daga wuta ya wuce duka biyun. A murhu da sinki da ke haɗe, irin 9222, a duba tazarar kan murhu da murfin sinkin in yana tsaye; in hannun tukunya ko harshen wuta zai iya kaiwa gare shi, a koma ƙarfe ko allon da ake cirewa. A kan murhu kuwa babu roba, babu katako mai hinji. Abin da zai tsaya a bayan wuta dole ya zama wanda ba ya ci.

Wasu sukan cire murfin murhun gaba ɗaya su huta. Ana iya yi, da sharaɗi biyu. A kafa falankin sitenles a bango ko gaban tagar ya gaji aikin katangar, da 'yar tazarar iska a bayansa. Sannan a duba ko murhun yana da na'urar yanke gas in an rufe murfi. Sababbin kuka da yawa suna da ita a jikin hinji, wasu da ɗan makunni, wasu da bawul. In an cire murfi ko an sa wani, tana iya hana wuta kamawa, ko ta daina yankewa. Kada a ɗaure ta da waya don a wuce wurin. Duk aikin da zai kai ga ɗaga murhun daga kanta ko taɓa bututu na mai takardar aikin gas ne, kuma a gwada yoyo bayan an gama.

Ɗaurawa

Sabon murfi da aka ɗaura ba daidai ba zai bi sawun tsohon, don haka rabin awar nan ta fi zaɓen shago muhimmanci. A shimfiɗa tawul a kan murhun. A wanke hinjin da ruwan ɗumi da sabulu, a motsa shi da hannu. In ya yi tauri, ko ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi, ko ya lanƙwashe a lokacin fashewar, a sauya duka biyun tare. A ɗaga hinjin biyu su tsaya a kusurwa ɗaya kafin a kawo gilashin, mutum ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ɗaura. Kowane huji ya samu robarsa a ciki da washar roba sama da ƙasa. Ƙarfe kada ya taɓa gilashi ko ta ina. A sa duk sukurorin sako-sako tukuna, a sauke murfin a hankali, a ga ya zauna a tsakiya, tazarar hagu da dama ɗaya. Sannan a ɗaure da sukudireba ta hannu, ban da ta lantarki, har washar ta fara matsuwa, a ƙara rubu'in juyi a tsaya. In ana tsoron kwancewa a hanya, ɗigon gam ɗin zare mai launin shuɗi a kan sukurun ya fi ƙarin matsi, sai dai kada ya taɓa Perspex ko polikabonet don yana tsaga su.

A sauya robobin da murfin ke sauka a kai gaba ɗaya, ko da ɗaya ce ta ɓata, don tsayinsu ya zo ɗaya. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe, a ƙwanƙwasa kowace kusurwa da yatsa. In wata ta yi ƙara ko ta motsa, ba ta zauna a kan roba ba. A zura takarda tsakanin gilashin da ƙarfen tukunya, ta wuce ba tare da ta maƙale ba. In ta maƙale, ƙarfen bai shiga raminsa ba ko robobin ƙafarsa sun ɓace. Lokacin tafiya murfi a rufe yake zama, da tawul siriri ninki ɗaya a ƙarƙashinsa bayan murhu ya huce sarai. Mai kauri yana ɗaga gilashin ya danne hinji. Gwangwani da kwalba su sauko daga lokar da ke saman kicin zuwa ta ƙasa. Bayan tafiyar farko a sake taɓa sukurorin, washar roba takan zauna ta bar su sako-sako.